Rijiyar Malam Hasashe

Ranar da yayana ya yi ritaya, abu uku ya shigo da su gida: wani mazurarin auna ruwan sama da ya lotse a gefe, da ma'aunin zafi wanda jan layinsa ya maƙale tun ban san yaushe ba, da kuma baki. Biyun farko a jaka ya zo da su. Na ukun kuwa da ma da shi aka haife shi, ritaya ce kawai ta ba shi fili.

Shekara talatin ya yi a ofishin masu duba yanayi. Masinja ne. Na faɗa, zan kuma sake faɗa, masinja ne, aikinsa ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Amma in ka ji shi a teburin mai shayi, sai ka rantse hadari ba ya haɗuwa sai ya sa hannu. Shi ya sa 'yan layinmu suka laƙaba masa Malam Hasashe. Maimakon ya ji haushi, sai ya riƙa amsawa da ƙarfi, har da gyara hula.

Ni kafinta ne, kuma ni ne auta. Furfura ta fito mini, amma har gobe Auta yake kirana. Gida ɗaya muke, wanda iyayenmu suka bar mana. A tsakar gidan akwai rijiyar da Baba ya haƙa, gaba goma sha huɗu, a gefenta kuma bishiyar lemun tsami da Inna ta dasa da hannunta. Duk gugan da aka jawo sai ya ɗan zuba a gindinta, da haka ta rayu shekara da shekaru. Satin da Inna za ta rasu, ba ta ce a kula da gida ba, ba ta ce a kula da mu ba. Hannun matar Yaya ta riƙe ta ce, “Ki kula mini da lemona.” Tun daga ranar, wannan baiwar Allah ba ta yarda ko akuya ta shinshina bishiyar ba.

To, ƙarshen damina ne abin ya fara. Na fito da safe na tarar da Yaya a bakin rijiya da wata doguwar igiya da ya yi wa ƙulli-ƙulli, ya ɗaura dutse a ƙarshenta.

“Auta, zo ka ga asarar da Baba ya yi, Allah ya jiƙansa.”

“Amin. Wace asara?”

“Ga ruwa a gaba huɗu. Shi ya je ya haƙa goma sha huɗu. Gaba goma na banza!”

“Yaya, ai damina ce. Da bazara sai mun ƙara igiya kafin guga ya taɓa ruwa.”

“Ka san dalili?”

“Ruwa ne ke sauka.”

“Ba sauka yake ba, tashi yake. Zafi ne ke zuƙe shi ta cikin ƙasa, kamar yadda kake zuƙar shayi. Ƙasa a buɗe, bakin rijiya a buɗe kamar ƙofar kasuwa, me zai hana shi gudu? A rufe ƙasa ruf, ruwa ya zauna. Wannan ita ce kimiyya.”

Nan take ya zayyana mini shirinsa. Zai haƙa sabuwar rijiya mai ƙaramin baki a ƙofar kicin, gaba biyar kacal. Zai rufe ta Baba. Zai malale tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango, yadda rana ba za ta sami kafar da za ta sa baki ba. In bazara ta zo rijiyoyin layi suka ƙafe, tamu tana nan cike, kowa ya zo ya ga ilimi.

Na ce, “A tambayi Kawu mai rijiya.”

Kawu tsoho ne, rabin rijiyoyin unguwarmu shi ya haƙa su, kuma magana ba ta dame shi ba. Ya zo da yamma, ya leƙa tsohuwar rijiya, ya murza ƙasa a tafin hannu, ya saurari Yaya har ya gama. Sannan ya kakkaɓe hannu.

“Ba zan haƙa ba.”

“Saboda me?”

“Ba a haƙa rijiya a ƙarshen damina. Ruwan nan da kake gani baƙo ne, wata biyar ba za ka same shi a nan ba. Sai ƙarshen bazara ake haƙa, lokacin da ruwa ya sauka iya saukarsa. Inda ka same shi a ranar, to nan ne gidansa.”

“Ai zafi ne ke shanye shi, ni kuma zan rufe wa zafin hanya.”

“Zafi na sha, gaskiyarka. Itatuwa na sha, mutane na ja, sauran kuma yana gangarawa ta ƙarƙashi yana tafiyarsa. Amma ruwan ƙasa ba randar ɗakinka ba ce da za ka sa mata murfi. Na layin nan ne duka, har da na bayan gari.”

Yaya ya yi wata dariya ta masu ilimi, irin wadda ake yi ta hanci.

“Kawu, don Allah, shekara nawa ka yi a makaranta?”

“Ko ɗaya. Arba'in na yi a cikin rami.”

“To ni talatin na yi a ofis.”

“Allah ya ba da sa'a,” in ji Kawu. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Washegari Yaya ya ari diga da shebur ya ce shi zai haƙa da kansa. Wa zai ja ƙasa? Auta mana. Na bar ƙofofin mutane a shago na zo ina jan bokiti. Ranar farko ya yi ta waƙa a cikin rami. Rana ta biyu waƙar ta koma nishi. Rana ta uku hannunsa duk ya yi bororo, sai ya naɗe shi da tsumma yana cewa salon ma'aikatan ƙasar waje ne. Rana ta biyar da hantsi sai na ji ihu daga ƙasa.

“Auta! Ruwa! Jawo ni, zai ci ni!”

Ruwa ya ɓulɓulo ta ko'ina, ya kai masa ƙugu, ya hana shi ƙara ko taku ɗaya. Abin da Kawu ya faɗa ke nan, ruwan damina ne ya kore shi tun bai kai ko'ina ba. Amma Yaya ya fito jiƙe sharkaf, baki har kunne, ya tsaya a ƙofar gida da laka har gira yana gaisawa da masu wucewa.

“Kwana biyar! Wanda wasu ke yi a wata guda!”

Sai maganar siminti. Ya sa ni na yi wa tsohuwar rijiya murfin katako. Na zaɓi katako mafi kauri da nake da shi, don zuciyata ta ba ni wata rana za a nemi abin da ke ƙarƙashinsa. Magina suka zo suka fara zuba siminti. Da suka doso bishiyar lemo, matar Yaya ta fito daga kicin da muciya a hannu, ta tsaya a gindinta.

“Malam, a nan za a tsaya.”

“Haba Maman yara, in aka bar wurin nan a buɗe, ta nan ruwan zai tsere.”

“Ya tsere. Bishiyar ta ina za ta sha?”

“Ta ƙasa mana. Ruwa zai taru ya yi mata yawa ma, sai ta riƙa roƙon a rage.”

“Bishiya ce za ta yi roƙo?”

“Misali nake ba ki.”

Aka yi ta ja-in-ja har simintin magina ya fara daskarewa a kwano. A ƙarshe ya yi mata alfarma, ya bar wa bishiyar fili kamar faɗin faranti. Ta dube shi, ta dubi farantin ƙasar, ta ce, “Amanar Inna ce, ba tawa ba. Ka dai ji.” Ya ce ya ji. Wallahi bai ji ba.

Kwana huɗu da gama aikin aka yi ruwan ƙarshe na shekara, irin mai zuwa da rana tsaka kamar da bakin ƙwarya. A da tsakar gidanmu shanye ruwa take yi. Yanzu ina zai shiga? Ga shi Yaya ya hana magina barin magudana, wai kada ko ɗigo ya fita. Ruwa ya taru, ya yi ta zagaye yana neman hanya, sai ya ga ƙofar ɗakin Yaya ta fi ko'ina gangare. Kafin ka ce me, ga tabarma tana iyo, ga takalmansa sun fito a jere, ga mazurarin ofis yana juyi a tsakiya. Da ƙyar na fasa gindin katanga da guduma, ruwan ya kwarara gidan maƙwabcinmu mai wanki, ya kwashe masa kayan mutane da ya jiƙa.

Mai wanki ya leƙo ta kan katanga, kumfa har gwiwar hannu.

“Malam Hasashe, wannan kuma wane irin hasashe ne?”

Yaya na tsaye cikin ruwa, ya naɗe wando, ya ɗora katifa a ka.

“Ka ga yawan ruwan da ƙasa ke sacewa a ɓoye? Yau mun kama ta!”

“To ku riƙe ta a gidanku, don Allah.”

Da ma a ce abin ya tsaya nan, da ya huce. Sai kuma Allah ya jarrabce mu da nasara. Sati uku bayan ɗaukewar ruwa, Yaya ya zura igiyarsa, sai ya ga ruwan sabuwar rijiya ya ƙaru da taƙi guda. Ko takalmi bai tsaya sawa ba, sai teburin mai shayi.

“Jama'a, sati uku ba a yi ko yayyafi ba, ruwana ya hau! Wa ya taɓa jin haka? Siminti ne!”

Mai wanki ya ce, “Tawa ma ta hau.”

“Albarkacin simintina ne. Maƙwabtaka ke nan.”

Kawu na gefe yana kurɓar shayinsa. Ya ce, “Ta bayan makaranta ma ta hau. Duk shekara haka suke yi. Ruwan da aka yi wancan wata sai yanzu yake isa ƙasa, tafiyarsa a hankali ce. Ka ƙara sati biyu ka gani.”

Ina! Yaya ya riga ya hau. Ya miƙe tsaye a kan benci ya ce kowa ya shaida: ranar Asabar ta ƙarshe kafin damina mai zuwa, lokacin da zafi ya kai zafi, kowa ya zo gidansa da la'asar da bokitinsa. Zai shayar da layi kaf. Har tsohon daraktansu zai gayyato ya ga abin da ofis ya rasa. Ya dawo gida ya sa ni na yanka allo, ya rubuta da jan fenti: RIJIYAR ZAMANI, BA TA ƘAFEWA. Ni na kafa shi da hannuna, Allah ya yafe mini.

Da sanyi ya shigo ruwa ya fara sauka a hankali, yau yatsa ɗaya, jibi yatsa biyu. Amma kullum in Yaya ya auna sai ya ce, “Gaba huɗu daram.” Abin ya ɗaure mini kai, har wata safiya na kama shi a bayan kicin yana kwance ƙullin igiya yana matsar da shi.

“Yaya, me kake yi?”

“Gyaran ma'auni. Igiya na miƙewa da sanyi.”

“Ni na san takurewa take yi.”

“Kai da katako ka sani.”

Sanyi ya wuce, zafi ya sauko da ƙarfinsa. Nan ne ruwa ya daina sallama, ya kama gudu. Simintin nan kuwa ya zama kasko. Kaji suka koma tafiya da ƙafa ɗaya-ɗaya. In ka fito ba takalmi da azahar, sai ka yi rawar da ba ka taɓa koya ba. Yaya ya ce matsalar bakin rijiya ce, ya rufe shi da bargonsa. Ruwa ya sauka. Ya ƙara da bargona. Ruwa ya sauka. Ya kafa mata lema, ya zauna a gefe yana yi mata fifita da murfin kwali. Mai wanki ya leƙo ya ce, “Sannu, ya mai jiki?”

Sai dabarar ƙanƙara. Wai in ƙasa ta yi sanyi ruwa ba zai ga dalilin tafiya ba. Ya je wajen mai sayar da ƙanƙara ya ɗauko manya guda shida a baro, ya naɗe su a buhu ya zura. Ranar kam mun sha ruwan sanyi, har na fara tunanin ko mutumin nan yana da gaskiya. Washegari guga ya dawo da buhu.

Duk wannan abin dariya ne, kuma mun yi dariyar. Wanda ba na dariya ba shi ne lemon Inna. Tun da aka rufe tsohuwar rijiya babu gugan da ke zuba a gindin bishiyar. Matar Yaya ta koma ɗebo ruwa daga gidan mai wanki, bokiti-bokiti a ka, mace mai jikoki. Na sha da na girki daban, na bishiya daban. Amma farantin ƙasar nan kofi uku yake karɓa, sauran ya malale a kan siminti ya ƙone. Ganye ya fara naɗewa, ya yi rawaya, ya fara zuba. Kullum da safe sai ta share shi ta tara a gefe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sau biyu ina ɗauko guduma, sau biyu Yaya na dasa kujera a kan simintin da ya rufe tsohuwar rijiya ya zauna.

“Auta, ka yi haƙuri zuwa Asabar ɗin nan. In ka fasa yanzu, duk ruwan da na tara zai tsere.”

“Wane ruwa? Ƙwai na jefa jiya na ji ya fashe!”

“Yana ƙasa yana hutawa.”

Matar Yaya ta ce, “Bar shi, Auta. Asabar ai ba ta da nisa.” Muryarta ta fi gudumar nauyi.

Asabar ta zo. Da hantsi ina shago sai na ji ƙugin babbar mota a layinmu. Na leƙa, sai ga tankar ruwa tana ja da baya zuwa ƙofar gidanmu, Yaya na gaba yana ba da hannu. Layi kaf an fito ana kallo. Ka taɓa ganin wanda ya ɓoye tankar ruwa?

Mai shayi ya ce, “Malam Hasashe, baƙi ne?”

“Wankin siminti za a yi, saboda darakta.”

Aka shigar da tiyo aka rufe ƙofa. Ni dai na shiga na gani da idona: ko ɗigo bai taɓa siminti ba, duk a rijiya aka juye, ta cika har baki. Yaya ya leƙa ya ga fuskarsa a ciki, ya yi mata murmushi, ya mayar da barguna. Matar Yaya ta miƙo bokiti ta ce a ba bishiya ko ɗaya ne.

“Bayan taro, Maman yara. Kada a rage kyan abin.”

Ta ajiye bokitin ta koma ɗaki.

Abin da Yaya bai lissafa ba shi ne ƙasar da ta yi wata biyar tana jin ƙishirwa. Shi yana ciki yana gugar riga, yana fesa turare, yana bitar jawabi a gaban madubi, ita kuma tana sha.

La'asar ta yi, gida ya cika. Mata da bokitai, maza da jarkoki, Kawu ya sami inuwar bango ya jingina da sandarsa. Darakta ya iso, dattijo mai fara'a, aka ba shi kujera, ya ɗaga ƙafafunsa daga kan siminti a hankali. Yaya ya fito cikin sabuwar riga, mazurari a hannun dama, ya yi jawabin da ya kai rabin awa. Ya yi maganar zafi, ya yi ta tururi, ya ambaci wasu kalmomi da ko daraktan sai da ya ɗaga gira. Sannan ya yaye barguna kamar mai buɗe sabuwar mota.

“Ranka ya daɗe, guga na farko naka ne.”

Darakta ya zura guga. Igiya ta tafi, ta tafi, sai muka ji “ɓat”. Ba irin ƙarar ruwa ba. Ya jawo, sai ga laka rabin guga, da wani kwaɗo a zaune a kai yana kallon jama'a.

Mai wanki ya ce, “To, ga mai gidan ya fito.”

Aka kwashe da dariya. Yaya ya karɓe gugan ya jujjuya shi.

“Gugan ne ya huje.”

“Sabo ne, jiya ka saya,” in ji matarsa.

“To ruwan ya koma gefe saboda hayaniya. Auta, riƙe igiya, zan shiga in duba.”

Na roƙe shi, darakta ya roƙe shi, ya ƙi. Ya ɗaura igiya a ƙugu, mu huɗu muka zura shi da sabuwar rigarsa. Da ya isa ƙasa sai muka ji wata ƙaramar murya.

“Auta.”

“Na'am, Yaya. Akwai ruwan?”

“Akwai alamarsa. Jawo ni.”

Muka ja, ko motsi. Lakar da tankar ruwa ta dama ta riƙe shi har gwiwa. Muka ƙara mutum uku, mai shayi na ba da amo, muka ja, muka ja, sai ji muka yi “fut”, ya taho. Ya fito ba takalmi, ba hula, riga ta koma kalar ƙasa, wandon ma da hannu ɗaya yake riƙe da shi. Mata suka juya baya suna dariya har da riƙe ciki.

Mai shayi ya share hawaye ya ce, “Ranka ya daɗe, don Allah a ofis ɗin naku haka kuke yi?”

Darakta ya yi gyaran murya. Mutumin kirki ne, ya so ya rufa asiri.

“Gaskiya, shekara talatin bai taɓa ɓatar mana da fayil ko ɗaya ba.” Ya gyara hularsa. “Sai dai ban taɓa ganin ya buɗe ko ɗaya ba.”

Dariya ta sake tashi. Kuma wallahi ko a nan Yaya bai saduda ba. Ya ɗaga yatsa mai laka, ya buɗe baki zai kawo wani sabon bayani. Sai matarsa ta ratso cikin mutane. Ba ta yi faɗa ba. Ta je wajen bishiyar, ta ɓallo reshe ɗaya, wanda Inna ke rataye carbinta a kai in tana alwala, ta kawo shi gaban fuskarsa ta lanƙwasa. Ya karye, ƙas, kamar tsinken ashana. Ta sa masa a hannu.

“Ga amanar. Kai za ka gaya mata.”

Yaya ya dubi reshen, ya ɗaga kai ya dubi bishiyar, kamar ranar ya fara ganinta. Babu ganye ko ɗaya. Ya yi wata biyar yana leƙen rami, bai taɓa ɗaga kai ba. Sai na ji tausayinsa ya kama ni, duk da haushin da na tara.

“Auta,” ya ce a hankali, “ina gudumar nan?”

Na miƙa masa. Na so in karɓa in yi, ya hana. Shi ya fasa simintin da kansa, ba takalmi, wando a ɗaure da igiyar awo. Ya yi ta dukansa har hannunsa ya fashe, maza suka sa hannu ana kwashe ɓaraguzai, har gindin bishiyar ya sami fili, katakona kuma ya bayyana. Muka ɗaga shi. Wani sanyi ya taso daga ciki ya bugi fuskokinmu. Kawu ya ƙulla igiya biyu ya miƙa wa Yaya. Guga ya tafi, gaba goma, sha ɗaya, sha biyu, sha uku, sai muka ji “tsulum”.

“Ka ji gidansa,” in ji Kawu. “Mahaifinka a irin wannan watan ya haƙa ta. Ni na ja masa ƙasa.”

Yaya ya jawo gugan, ruwa garau mai sanyi. Ga darakta da gumi, ga mutane da bokitai, kowa ya miƙo hannu. Bai kalli kowa ba. Ya wuce ya durƙusa a gindin lemon, ya zuba a hankali, ƙasa na sha tana ƙara. Ya koma ya jawo na biyu, da na uku. Sai a na bakwai Kawu ya tako ya sa farce ya kankare ɓawon gindin kaɗan, ya sunkuya ya duba.

“Da sauran kore a ciki. Kaɗan.”

Matar Yaya ta zauna a kan bokitinta, ta rufe fuska da mayafi.

Ranar dai layi ya sha ruwa, a rijiyar Baba. Allon nan kuwa mai wanki ya roƙa aka ba shi, yanzu a kansa yake goge kwalar riguna. Sati na zagayowa Kawu ya ce tunda an riga an fara ramin, kuma yanzu ne lokacin haƙa, bari ya ƙarasa shi yadda ya kamata, da sharaɗin Yaya ne zai ja ƙasa kuma ba zai yi magana ba. Jan ƙasar dai ya yi.

Kwana goma sha tara ya yi yana ba bishiyar nan guga bakwai safe da yamma. Ranar ta ashirin na fito na tarar da shi a tsugune, da rular shagona a hannu, hancinsa kusan a jikin reshe. Toho uku ne suka fito, ƙanana kamar kunnen ɓera. Idonsa ya yi ja. Da ya ji motsina sai ya yi maza ya gyara murya.

“Auta, ka gani? Da ma na san za ta yi. Bisa hasashena, nan da wata biyu…”

“Malam,” in ji matarsa daga ƙofar kicin, “ɗauko guga.”

Ya ajiye rular, ya je ya ɗauko.